Babi na Biyar: Fure Ɗaya a Kwalbar Turare

Ƙasar Bagudo ba ta rasa fure ko na wata ɗaya a shekara. Hunturu na kankama gurjiya za ta kakkaɓe ganyenta kaf, ta fito da jajayen furanni masu kauri a kan tsiraran rassa, har mai tafiya a babur tsakanin Ka'oje da Tsamiya ya hango ta daga nesa cikin hazo. Ba ta gama ba madobiya ta lulluɓe kanta da rawaya, ɗorawa kuma ta sako nata jajayen curi-curi suna reto a dogayen igiyoyi. Da bazara marga ke karɓa, ga dogon yaro yana cika unguwa da ƙamshi bayan isha'i, ga gauɗe a daji da farin furensa da kan koma rawaya idan ya kwana. Ruwa na sauka sai abin ya fi ƙarfin ƙirga: kuka, tafasa, riɗi, kuɓewa, duman kada a bakin rafi, bado a tafkunan fadama. A tsallaken iyakar Benin, wajen Segbana da Kandi inda auduga ce sarauniyar gona, furenta kan buɗe fari-fari da safe, washegari ya rine ya koma ja-ja. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta raba ƙasar Bargu gida biyu, Illo ta faɗo wannan ɓangare, Nikki ta faɗa wancan, amma tsiron da ke Lolo shi ne a Madekali.

Kogin Kwara ma ya yi mana gata. Sau biyu yake cika a nan: akwai ruwan damina mai laka daga Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, bai iso mu ba sai cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Shi ya sa lokacin da tudu ya bushe ƙamas, bakin kogi yana nan kore shar.

Duk da wannan arziki, furen da ke cikin ɗakunanmu na roba ne. Shi ne a kan talabijin, shi ne a saman kabat, shi ne a teburin ofis: jan wardi da aka ƙera a masana'antun ƙasar Sin, ya biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ya hau tirela, aka saye shi da kuɗin shinkafa. Wata biyu ƙura ta dusashe shi, a wanke da omo a mayar. Wanda kuwa ya tsaya bakin hanya yana tsinkar furen gaske, ba zai daɗe ba wata dattijuwa za ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗana, wanga maganin mi na?" Ba tambayar banza ta yi ba. A wurinmu tsiro ko dai abinci ne, ko magani, ko abincin dabba, ko makamashi. Ita gurjiyar ma, abin da mata ke jira shi ne furen ya faɗo su tsince ƙoƙonsa su shanya don miya. Mun kuma gaji karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, wato fure alkawari ne kawai, ɗan da zai biyo baya shi ne zance. Manomi yana da gaskiyarsa. Amma wanda ya saba da jiran ɗa kaɗai yakan yi shekara hamsin yana wuce sabara bai san kamannin furenta ba, wannan kuwa asara ce, ko da ba ta aljihu ba.

Mutanen Japan sun mai da duban fure ilimi mai malamai da makarantu da takardar shaida, suna kiransa ikebana. Tushensa yana cikin furannin da ake ajiyewa a wuraren ibadar addinin Buda, wanda ya shiga ƙasar ta Koriya a ƙarni na 6. Makarantar da ta fi kowacce daɗewa ita ce Ikenobo, ta masu kula da wurin ibadar Rokkakudo a birnin Kiyoto. A 1462, shekara ɗaya kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano, wani malamin Buda ya rubuta a littafin ajiyar labaransa cewa Ikenobo Senkei ya shirya rassa a cikin tulun zinariya, mutanen birni suka yi ta tururuwa don kallo. Salon da ya fito daga wannan gida, rikka, na manya ne: dogo, mai manyan rassa bakwai ko tara, kowane reshe da matsayinsa, ana nufin a tara dutse da rafi da ƙauye a cikin tulu ɗaya. Aikin fada ne da gidajen masu hali.

Wanda ya karkato da abin zuwa ga ƙanƙanta shi ne Sen no Rikyu, malamin shan shayi, wanda aka haifa a 1522, zamanin da Kanta ke mulkin Kabi daga Surame, ya rasu a 1591. Shi ɗan ƙaramin ɗaki yake so, da kaya kaɗan, da fure ɗaya ko biyu a cikin guntun gora da ya yanka da hannunsa, a tsaye kamar yadda suke a saura. Ana ba da labarin cewa mai mulkin ƙasar na lokacin, Toyotomi Hideyoshi, ya ji an ce furen asagawo ya cika lambun Rikyu, ya ce zai zo kallo. Da ya iso da sassafe bai tarar da ko ɗaya ba, duk an tsinke. Ya shiga ɗakin shayi ransa a ɓace, sai ga guda ɗaya tak, mafi kyau a cikinsu, da raɓa a jikinsa, an ajiye masa a gurbin bango. Asagawo ɗan'uwan duman kada ne na jini, kusan ba ka bambanta bakin furensu. Ba na goyon bayan a share lambu saboda baƙo ɗaya, komai sarautarsa. Amma abin da Rikyu ya gane gaskiya ne: ido ba ya iya duban fure ɗari, wucewa yake yi ta kansu, guda ɗaya ne ke tsayar da shi. Har yau furen da masu shayin Japan suka fi ajiyewa a lokacin zafi shi ne mukuge, dangin rama da yakuwa, wanda ke buɗewa da safe ya yanƙwane da yamma.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 abin ya fita daga hannun fada. Ohara Unshin, wanda ake ƙirga kafuwar makarantarsa daga 1895, ya kawo shirya fure a faranti mai faɗi marar zurfi. Da wannan salo aka saba amfani da kenzan, wato ɗan dunƙulen dalma mai tsinin allurai a sama da ake soka kara a kai. A 1927 Teshigahara Sofu ya kafa makarantar Sogetsu a kan cewa kowa yana iya yi, a ko'ina, da duk abin da ya samu, ko da busasshen ice ne ko guntun ƙarfe. 'Yarsa Kasumi, wadda ta gaje shi a 1979 ta kuma rasu a 1980, ita ce ta yi suna da 'yan mitsi-mitsin shirye-shirye, waɗanda ke zama a tafin hannu. Masu bin sawunta sukan tsince fure guda daga cikin curi, ko su ɗauki ganye ɗaya da ƙwayar iri, su zuba a murfin kwalba ko kwanson kifi, su jera biyar ko shida a kan tire ko madubi. A 1956 wata Ba'amurkiya, Ellen Gordon Allen, ta kafa ƙungiyar Ikebana International a Tokiyo, ita ta yaɗa sana'ar zuwa ƙasashe da dama.

Wannan ƙaramin salo na Kasumi shi ne ya dace da mu, kuma dalilan a fili suke. Ba ya buƙatar lambu, ba ya buƙatar kuɗi, ruwansa bai kai na kurɓa uku ba. Ba ya rage wa manomi amfanin gona, domin abin da za a tsinka bai kai abin da akuya ke wafta a wucewa ɗaya ba. Idan zafi ya kashe shi da la'asar, gobe a sake wani, ba a yi asarar komai ba.

Kada kuma wani ya ce idon shirya kaya baƙo ne a gare mu. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ranar jere ya san ba haka ba ne. Gwaggo da inna da yayye sun cika ɗaki, an baje kwalla da langa da samira da tasoshi a tabarma, ɗaya tana kan kujera tana ɗorawa, ɗaya ta koma bakin ƙofa tana hange. "Yaya, sauke wancan, ya danne na ƙasa." "A'a Gwaggo, bar shi, mai shigowa shi zai fara gani." Sai a yi rabin yini a kan bango ɗaya. Matan Fulanin Ka'oje haka suke da ƙorensu, babba a ƙasa, ƙarama a sama, kowacce da faifanta, zanen yana fuskantar mai shigowa. Sanin tsawo da nauyi da launi da inda idon baƙo zai fara sauka, duk suna nan a hannun iyayenmu mata, ba wanda ya kai su makaranta a kai. Bambancin guda ne. Jere shaida ce ta gata, don haka ƙari yake so, bango ya cika har rufi, a san yarinya tana da dangi. Shi kuwa shirin furen Japan ragi yake so. Mai yin sa yakan ɓata lokaci a kan abin da zai cire fiye da abin da zai saka, kuma sararin da ya bari tsakanin reshe da reshe yana cikin aikin, ba wurin da aka rasa abin cikewa ba ne. Mai jere da ta karɓi wannan sharaɗi guda ta riga ta yi rabin karatun.

A fara da mazubi. 'Yar kwalbar turare da ta ƙare, wadda ake wurgarwa bayan gida, ta fi komai dacewa, domin bakinta ƙarami ne, yana riƙe kara ba tare da dabara ba. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu har maiƙon ya fita, don turare yana ƙona kara. Kofin gilashi na shayi yana yi, haka kurtun tawada da aka daina amfani da shi, da ƙaramin kaskon turaren wuta idan ba ya yoyo, da ɗan ƙoƙo, da kwanson da yara ke tsinta a yashin Kwara. Mazubi marar ado ya fi, saboda kada ya yi kishi da furen. Idan bakinsa yana da faɗi, ba sai an nemo kenzan ba, duk da akwai ƙananansa masu faɗin santimita 2 ko 3. Yashi mai laushi da aka wanke yana riƙe kara, haka 'yan tsakuwa, haka guntun soson wanka da aka cusa ya matse. Su kansu Japanawa tun kafin a ƙera kenzan da 'yan itace suke yi: a yanki tsinke biyu daidai faɗin bakin, a gicciye su a ciki su tokare, a jingina karan a kusurwar da suka haɗu. Ko a tsaga gindin reshe a maƙala masa ɗan tsinke a kwance ya tokare bangon mazubin.

Sai awo. Ɗaliban Sogetsu da rassa uku suke farawa: shin, da sowe, da hikaye, waɗanda ake yawan fassarawa da sama da mutum da ƙasa. Mu kira su babba da mabiyi da ƙarami. A auna tsawon mazubi, a auna faɗinsa, a haɗa, sannan a ƙara rabin abin da aka samu, shi ne tsawon babba. Kofin shayi mai tsawon santimita 6 da faɗin 4 ya ba da 10, babban reshe zai zama 15 ke nan, ban da abin da zai nutse a cikin kofin. Mabiyi kashi uku ne cikin huɗu na babba, wajen 11. Ƙarami kashi uku cikin huɗu na mabiyi, wajen 8. Karkatarsu kuma digiri 15 da 45 da 75 ce daga miƙe. Wanda ba shi da ma'aunin kusurwa ya dubi gajeren hannun agogon bango: inda yake da ƙarfe 12:30 shi ne digiri 15, da 1:30 shi ne 45, da 2:30 shi ne 75. Babba da mabiyi su karkata gefe ɗaya, ƙarami ya karkata ɗaya gefen, dukansu kuma su ɗan rusuno gaba wajen mai kallo. Gindinsu ya haɗu wuri guda, a ga kamar daga saiwa ɗaya suka fito.

Waɗannan lambobi na mai koyo ne, kada su zame wa kowa sarƙa. Amfaninsu shi ne su hana hannu abin da ya saba, wato yanke komai tsawo ɗaya a cusa a tsaye kamar damin tsintsiya. Wanda ya yi wata guda yana bin su zai ga idonsa ya fara aunawa da kansa.

Ga misali na lokacin kaka, da abin da ke bayan kowane gida a Zagga ko Kende. A samo siririn reshen magarya, irin wanda ke tafiya yana karkacewa hagu da dama a kowace gaɓa. Kafin a sa masa wuƙa a riƙe shi a hannu a juya shi a hankali, domin kowane reshe yana da fuska da ƙeya: fuskar ita ce gefen da ya saba kallon rana, inda ganyen ke sheƙi, ƙeyar kuwa fari-fari ce. Idan yana da ganye goma sha biyu, a cire takwas. Nan ne hannu ke rawa, mutum ya ji kamar ɓarna yake yi, amma sai an cire su karkacewar reshen ke fitowa, ita ce kuwa aka ɗauko shi dominta. Shi ne babba. Mabiyi ya zama kan kyasuwa guda ɗaya, mai gashi ja-ja mai laushi, wanda ko numfashi aka yi kusa da shi sai ya motsa. Ƙarami kuma guntun karan yakuwa mai ƙoƙon zoɓo biyu, ɗaya ya ƙosa, ɗaya bai gama ba. A kwantar da shi ƙasa-ƙasa ya leƙo ta bakin kofin, jansa ya riƙe nauyin shirin. A ja da baya taku uku a duba. Idan ganye biyu sun haɗa baki, a cire ɗaya. Idan kyasuwa ta ratsa ta gaban magarya, a kautar da ita. Idan zuciya ta ce a ƙara wani abu a wancan sararin, a ƙi.

Da rani, kan furen albasa guda daga gonar masu ajiye iri ya ishi kofi, a haɗa shi da ganyenta ɗaya da aka lanƙwasa. Bagaruwa kan ba da 'yan curin rawaya masu laushi, idan kuma an samu kwafsarta mai kama da carbi a reshe ɗaya da su, ba a buƙatar ƙari. Tumfafiya, wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba saboda a juji da kufai take fita, tana da furen da ya fi na kowa tsari idan an kawo shi kusa da ido: kunnuwa biyar farare masu kauri, bakinsu a rine da shunayya, a tsakiya wani ɗan kambi mai kusurwa biyar kamar wanda maƙerin farfaru ya zauna ya ƙera. Kusan duk shekara ana samunta. Da ita Fulanin arewacin Benin ke daskarar da madara su yi cukun da ake kira wagashi. Amma a kiyayi ruwanta, wannan farin ƙaro yana illa ga ido ƙwarai. A yanke ta da hannu a cikin leda, a ƙona bakin yankan da ashana har ya yi baƙi don ƙaron ya tsaya, a wanke hannu, kuma kada a ba yara ƙanana aikinta.

Zafinmu ba na Kiyoto ba ne. A Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, da hunturu kuma iska ke tsotse ruwan komai. Saboda haka a yi tsinka da asuba kafin rana ta taɓa ganye, a tafi da gwangwani da ruwa a ciki, kada a riƙo a hannu har gida. In an dawo a sake yanke gindin kowane kara a cikin ruwa, wuƙar da karan duk a nutse. Japanawa suna kiran wannan mizugiri, hikimarsa kuwa ita ce idan an yanka a sarari iska kan shiga 'yan hanyoyin da kara ke jan ruwa ta toshe su. Reshe mai itace a tsaga gindinsa biyu. Duk ganyen da zai nutse a cire, don shi ke ruɓewa ya ɓata ruwa. A nisanta shirin da rana da fanka. Ƙaramin mazubi yakan ƙafe kafin azahar, a riƙa ƙara masa da cokali. Sannan a zubar da ruwan a sake sabo kowace rana, ba don furen kaɗai ba: akwai sauron da ke ƙyanƙyasa a ɗan ruwan da ya kwanta a gwangwani da kwalba, cikin mako guda ko kwana goma ya tashi, ba ma so ado ya jawo mana ciwo. Bado kuwa ba ya son tsayuwa a kwalba. Farin badon fadamunmu da dare yake buɗewa ya rufe da hantsi, sai a yanke shi gajere da yamma a ɗora a kan ruwa cikin ƙoƙo, a ci moriyarsa dare ɗaya.

Akwai furen da nake so a tsinka ba tausayi, shi ne wuta-wuta, wanda wasu ke kira ƙuduji. Kyakkyawa ne, ja mai haske da ke rufe gonar dawa da gero a ƙarshen damina, amma saiwarsa a jikin saiwar hatsi take tana tsotsa, kuma tushe ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyin iri da kan yi shekaru a ƙasa suna jira. A tumɓuke shi da zarar ya yi fure, kafin ya ɗaura iri. A ɗauki kai ɗaya a sa a kwalba, sauran a ƙona, shi ma na kwalbar idan ya gama a jefa shi a murhu, kada ya je juji ya koma gona cikin taki.

Wurin ajiyewa ma yana da muhimmanci. Gidan Japan na gargajiya yana da gurbi a bangon ɗakin baƙi, tokonoma, wanda aka saba ajiye rubutu ɗaya da fure a ciki. Tsofaffin ɗakunanmu na ƙasa suna da alkuki, inda ake ɗora fitila, yawancinsu yanzu fanko suke tun da tocila da sola suka zo. Wannan gurbi, da jan bangonsa ko farar ƙasarsa, ya fi kowane tebur. Inda babu, dakalin taga ya isa, muddin an kwashe tarkacen da ke kai.

A wuri ɗaya ba na bin masu shayin Japan. Su suna guje wa fure mai ƙarfin ƙamshi, don kada ya danne ƙamshin shayi da turaren ɗaki. Mu kuwa mutanen ƙamshi ne, kuma ban ga dalilin da za mu bar furen lalle a waje ba, wanda tsinke ɗaya nasa ke cika ɗaki, ko gauɗe, ko ɗoɗɗoya. Wanda kuma asalin sana'ar ya sa masa shakka, tambayarsa tana kan hanya, amsarta kuma ba ta da wuya. Abin da aka fara a wurin ibadar Buda ya daɗe da zama sana'ar hannu da ake koyarwa a azuzuwa, masu addinai daban-daban suna yi. Ba wanda muke miƙa wa furen, ba siffar mai rai muke ƙerawa ba, halittar Allah ce muka kawo kusa don mu dube ta da kyau. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya hana mayar da kyautar raihani, Musulmin Turkiyya da Farisa da Indiya kuwa sun cika lambunansu da bangon masallatansu da furanni tun ƙarnoni. Mu ma ga su nan a ɗinkin hulunanmu da zanen lallen 'yan mata.

Abin da ya fi damuna shi ne wasu daga cikin itatuwan da na lissafa a farkon babin nan suna ƙarewa. Madobiya ce kan gaba. Katakonta ja ne mai nauyi, masu ƙera kujerun alfarma a ƙasar Sin suna sonsa, kuma cikin shekarun da suka biyo bayan 2010 an yi ta sare ta a dazuzzukan Benin da Najeriya ana lodawa a kwantena, har taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannasbag a 2016 ya sa ta cikin itatuwan da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. Ganyenta abincin shanu ne a tsakiyar rani, makiyayi ya san darajarta. Abin da masu katako suka bari, masu gawayi suna bi. Ba na cewa kwalbar turare za ta tsayar da injin yanka. Amma yaron da ya taɓa riƙe reshen madobiya ya juya shi yana neman fuskarsa, ya san watan da take fure, ya san inda uku ko huɗu suka rage a dajin garinsu, zai lura ranar da aka wayi gari babu ɗaya, zai kuma tambayi wanda ya sare. Yawancin yaranmu yau ko sunanta ba su sani ba.

Saboda haka kirana ga malaman firamare da na Islamiyya ne, daga Bagudo zuwa Illo, daga Ka'oje zuwa Lolo, da iyaye mata da ke gida da yara. Rabin awa a mako ya isa. Kowane yaro ya zo da 'yar kwalbarsa da abu uku da ya tsinko a hanya, da sharaɗin kada ya taɓa amfanin gonar kowa, kada kuma ya karya reshen da ya fi taƙi ɗaya. Kafin ya shirya, ya faɗi sunan kowane tsiro. Wanda bai sani ba ya koma gida ya tambayi kakarsa, ya dawo da sunan da Hausa, ko Fulatanci, ko Dandanci, ko Busanci, a rubuta a littafin aji tare da watan da aka same shi da wurin. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna nan da ransu, a tambaye su tun yanzu.